Yadda Za Ka Sauya Ma'adanar Kwamfutarka Zuwa SSD Ba Tare da Ka Rasa Fayilolinka Ba

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini game da kwamfutar gida ita ce ta nawa, wato jinkiri: mutum ya kunna kwamfuta, ya je ya yi alwala ya dawo, har yanzu ba ta gama tashi ba. Da yawa suna zaton kwamfutar ce ta tsufa gaba ɗaya, alhali a mafi yawan lokuta ma'adanar bayananta ce kawai take jan ƙafa. Tsohuwar ma'adana, wato HDD, faifai ne a cikinta yake juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ita kuwa SSD, wato ma'adanar zamani, babu abin da yake motsi a cikinta. Shi ya sa kwamfutar da take cin minti biyu ko uku kafin ta tashi take dawowa tana tashi cikin daƙiƙa ashirin bayan an sauya mata.

Aikin ba shi da wuya, amma yana da tsari, kuma duk asarar da na gani a wannan harka daga saɓa tsarin ta taso. Na taɓa kai kwamfutar wani ɗan'uwana wurin mai gyara don a sa mata SSD, kafin in dawo daga sallar La'asar an goge tsohuwar ma'adanar da sunan za a mayar masa da ita ta waje, hotunan aurensa da kundin bincikensa na jami'a suka tafi. Ma'adana ana sayenta a kasuwa, abin da yake cikinta kuwa babu shagon da yake sayar da shi. Saboda haka ka bi matakan nan bi da bi, kada ka ɗauki sukundireba sai ka gama mataki na uku.

1. Gano abin da yake cikin kwamfutarka

Ka danna Ctrl da Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Ka shiga Performance, ka zaɓi Disk, a nan za ka ga an rubuta HDD ko SSD, tare da suna da girman ma'adanar. Idan ka ga HDD, kuma awon aikinta yana tsaye a kashi 100 alhali ba ka buɗe komai ba, to ka gano inda ciwon yake.

Daga nan sai ka nemi cikakken sunan samfurin kwamfutar. Yana rubuce a takardar da aka manna a ƙasanta, idan kuma ya goge, ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layin System Model. Da wannan sunan za ka sauke littafin gyara na kamfanin, domin HP da Dell da Lenovo duk suna sakin irin waɗannan littattafai kyauta a shafukansu, da zanen kowane noti da tsarin kwance shi. A cikin littafin za ka ga irin gurbin da kwamfutarka take da shi, kuma wannan ne zai yanke maka abin da za ka saya.

Gurbin iri biyu ne. Akwai na SATA mai inci 2.5, wanda yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka suke da shi, SSD ɗinsa tana kama da ƙaramin akwati mai faɗin tafin hannu, kuma gudunta yana tsayawa wajen megabait 550 a daƙiƙa. Akwai kuma gurbin M.2, wanda SSD ɗinsa siririya ce kamar ƙaramar rula. A nan mutane suke yawan yin asara, domin M.2 suna ne na siffa kawai. Wata M.2 ɗin SATA ce, wata kuma NVMe ce mai gudun da yake kaiwa megabait 3,500 ko sama da haka, kuma ba kowane gurbi ne yake karɓar duka biyun ba. Ta SATA galibi tana da tsaga biyu a bakinta, ta NVMe kuwa tsaga ɗaya, amma kada ka dogara da ido kaɗai, littafin ne hujja. Ka kuma lura da tsawo: lambar 2280 tana nufin faɗin milimita 22 da tsawon milimita 80, ita ce ta fi yawa, amma akwai kwamfutocin da sai gajeru irin 2242 ko 2230 suke ɗauka.

Gargaɗi: wasu ƙananan kwamfutoci masu araha, masu gigabait 32 ko 64, ma'adanarsu eMMC ce da aka like a jikin babban allon ciki, ba ta cirewa. Haka ma MacBook na 'yan shekarun nan, ma'adanarsu ba ta cirewa. Idan taka irin wannan ce kuma babu gurbin ƙari, to abin da ya rage maka a wannan jagorar shi ne ɓangaren ajiya.

2. Duba lafiyar tsohuwar ma'adana

Ka sauke manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, ka buɗe ta. Idan ta nuna Good cikin shuɗi, ma'adanar lafiya lau take. Idan ta nuna Caution cikin ruwan ɗorawa ko Bad cikin ja, ko kuma kana jin tana ƙas-ƙas a ciki, to tana dab da mutuwa, kuma tsarin aikinka ya canja. Kada ka sa ta aikin kwafin ɗungurungum, kada ka sa manhajar gyara ta yi ta bin ta lungu-lungu, domin wahalar tana iya ƙarasa ta. Ka fara kwashe abin da ya fi muhimmanci, kaɗan-kaɗan, takardu kafin hotuna, hotuna kafin bidiyo.

3. Yi kwafin ko-ta-kwana, ka kuma gwada shi

Wannan ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware masa yini guda tun kafin ranar sauyin.

Kana buƙatar ma'adana ta waje mai haɗin USB wadda girmanta ya fi abin da za ka kwashe. Idan fayilolin naka ba su wuce gigabait 20 ko 30 ba, filas mai inganci zai wadatar na ɗan lokaci. Ka duba tsarin fomat ɗinsa tukuna: ka danna shi da hannun dama na linzami, ka shiga Properties. Idan FAT32 ne, ba zai karɓi fayil ɗaya da ya haura gigabait 4 ba, bidiyon biki mai tsawo zai maƙale a hanya. NTFS ya dace da Windows, exFAT kuma ya dace idan za ka riƙa sa shi a wasu na'urorin. Ka tuna cewa fomat yana goge duk abin da yake ciki, don haka ana yin sa ne kafin a zuba komai.

Ka shiga C, ka buɗe Users, ka buɗe foldar sunanka. Ka kwafi Desktop da Documents da Downloads da Pictures da Videos da Music. Downloads ce aka fi mantawa da ita, alhali nan ne rasit na biyan kuɗin makaranta, da takardar shaidar NIN, da takardun da aka turo maka ta imel suke taruwa. Idan an raba ma'adanar gida biyu, akwai D ko E, ka sani duk a kan faifai ɗaya suke, ranar da aka cire shi tare za su fita, saboda haka su ma sai an kwashe su. Idan akwai wasu mutanen gida da suke da nasu asusun a kwamfutar, ka shiga foldar kowannensu.

Akwai kuma abubuwan da ba a ganinsu a folda. Kalmomin sirri da burauza ta haddace maka suna cikinsu: a Chrome ka tabbatar ka shiga da asusunka na Google kuma an kunna daidaitawa, ko ka rubuta muhimman a littafi ka adana a wurin da ya dace. Idan kana amfani da Outlook na cikin kwamfuta, ka nemo fayil ɗinsa mai ƙarewa da pst. Masu shago da suke riƙe lissafi a wata manhaja su shiga cikin manhajar su fitar da kwafin bayanan ta hanyar da ta tanada, domin kwafin alamarta da take kan fuskar kwamfuta ba ya ɗauko komai. Ka rubuta jerin manhajojin da kake aiki da su, da lambobin lasisin waɗanda ka saya.

Gargaɗi mai nauyi: ka bincika ko an kulle ma'adanarka da BitLocker. Kwamfutoci da yawa na zamani suna zuwa da kullen a kunne ba tare da mai su ya sani ba. Ka rubuta BitLocker ko Device encryption a gurbin bincike na Windows ka duba. Idan a kunne yake, ka nemo mabuɗin ceto, lamba ce mai alƙaluma 48, galibi tana ajiye a asusunka na Microsoft, ka rubuta ta a takarda. Idan ka cire ma'adana kulalliya ba ka da wannan lamba, babu mai gyaran da zai buɗe maka ita, komai ƙwarewarsa. Idan kwamfutar ta hannu ce kuma asusun na wanda ya fara mallakarta ne, ka kashe kullen gaba ɗaya tun tana buɗewa, ka jira ya gama warwarewa.

Lokacin kwafi ka sa wayar a ramin USB 3, wanda galibi cikinsa shuɗi ne ko yake da alamar SS a gefe. A tsohon ramin USB 2 gudun ba ya wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa, wato gigabait 200 za su ci kusan awa biyu, ƙananan fayiloli masu yawa kuma suna ƙara jan lokacin. Ka yi umarnin Copy, kada ka yi Cut. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar Cut, wasu fayilolin sun bar gida, wasu ba su isa masauki ba, kai kuma ba ka san wanne ne wanne ba.

Bayan an gama, ka gwada. Ka duba Properties na kowace folda a wurin asali da wurin kwafi, ka kwatanta adadin fayiloli da nauyinsu. Sannan ka cire ma'adanar ta hanyar Eject, ka kai ta wata kwamfutar, ka buɗe takardu goma, hotuna goma, bidiyo biyu ko uku daga wurare daban-daban, ka ja bidiyon har ƙarshensa. Kwafin da ba a buɗe an gani ba, ni ba na lissafa shi a matsayin kwafi.

Abubuwan da ba su da madadi, kamar takardun shaida, takardun fili, da aikin da ka shafe watanni kana rubutawa, ka ƙara tura su ma'ajiyar intanet. Google Drive yana ba da gigabait 15 kyauta, wanda yake rabawa da Gmail da Google Photos, OneDrive kuma yana ba da gigabait 5. Takardu ba su da nauyi, datar da za su ci kaɗan ce.

4. Sayayya da abin da za ka kashe

Kuɗin ya kasu kashi huɗu: SSD kanta, wadda ita ce mafi tsada, gidan USB da za a sa ma'adana a ciki, mai SATA ko mai M.2 gwargwadon irin taka. Ƙaramin sukundireba mai bakin kuros. Da filas mai aƙalla gigabait 8 idan sabuwar Windows za ka ɗora. Idan mai gyara ne zai yi maka, ka ƙara kuɗin aiki, ku yi ciniki tun farko. Farashin SSD yana bin dala, saboda haka ka tambayi shago uku a rana ɗaya kafin ka biya, ko a titin Beirut a Kano kake, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja.

Wajen girma, shawarata ita ce kada ka sayi gigabait 128, domin Windows da sabunta ta za su cinye kaso mai yawa, cikin 'yan watanni ka fara goge-goge. Gigabait 256 ya ishi mai rubuce-rubuce da shiga intanet, 500 ko 512 shi ne daidai ga yawancin gidaje, terabait 1 kuma na mai tara bidiyo ne. Ka duba nauyin abin da yake kan tsohuwar, ka sayi wadda za ta ɗauke shi ta bar aƙalla kashi ɗaya cikin biyar babu komai. Kada hankalinka ya tashi idan ka sayi 500 ka ga Windows ta nuna 465, ko ka sayi terabait 1 ta nuna 931. Ba a cuce ka ba, kamfanoni suna ƙirge da dubu-dubu ne, Windows kuma da 1,024.

Inda ake cutar mutum shi ne jabu. Araha ba ta ado: idan aka ba ka terabait 1 a kuɗin 256, ka ajiye ta. Akwai jabun da aka sauya wa lissafi, tana nuna girma mai yawa alhali cikinta kaɗan ne, sai ka zuba kaya ta riƙa taka na farko da na baya ba tare da ta nuna alama ba. Ka nemi sanannun sunaye irin Samsung, Western Digital, Kingston ko SanDisk, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin SSD ɗin, ku yi yarjejeniyar kwanakin gwaji. A gida ka buɗe ta da CrystalDiskInfo ka duba Power On Hours. Sabuwa ba za ta nuna ɗaruruwan awanni ba. Idan kana da shakka a kan girmanta, manhajar H2testw tana cika ta da bayanai ta sake karantawa, ta tona asirin ƙarya, sai dai tana cin awanni.

5. Zaɓi hanya: kwafin ɗungurungum ko sabuwar Windows

Kwafin ɗungurungum, wanda masu gyara suke kira kulonin, yana ɗauke komai, Windows da manhajoji da fayiloli, ya mayar kan SSD yadda suke. Ya dace da wanda kwamfutarsa take aiki lafiya in ban da nawa, ko yake da manhajar da sake samunta zai yi wuya. Amma idan Windows ɗin ta cika da tarkace, ko kana zargin ƙwayar cuta, ko tsohuwar ma'adanar ta nuna Caution, to sabuwar Windows ta fi, domin kulonin yana ƙaura da ciwo zuwa sabon gida.

Idan kulonin za ka yi, ka fara da share abin da ba ka buƙata, ka kashe BitLocker, ka sa SSD a gidan USB ka haɗa ta. Samsung yana da manhajar ƙaura ta kyauta ga masu SSD ɗinsa, Western Digital ma yana ba da wani nau'in Acronis ga masu nasa. Clonezilla kyauta ce ga kowa, sai dai ba ta da sauƙin sha'ani ga sabon shiga, kuma a tsarinta na asali tana son sabuwar ma'adana ta kai tsohuwar girma ko ta fi. A kowace manhaja za a tambaye ka Source da Destination. Source ita ce tsohuwa, Destination ita ce SSD. Ka karanta suna da girman kowacce sau biyu kafin ka amince, domin idan ka juya su, sabuwa wadda babu komai za ta shafe tsohuwa, kuma babu maɓallin dawowa. Ka zaɓi faifan gaba ɗaya, har da ƙananan ɓangarorin da ba su da harafi, domin a cikinsu ne abin da yake tayar da Windows yake. Kafin ka fara ma ka cire ma'adanar da ka yi kwafin ko-ta-kwana a kanta, ka kai ta wani ɗakin, don kada ta shigo cikin jerin.

Gargaɗi a kan wuta: kulonin yana cin awa ɗaya zuwa uku. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta kasance batirinta a cike kuma caja a jiki, ka kuma hana ta yin barci a saitin wuta. Kwamfutar tebur kuwa kada ka fara sai da UPS, ko inbata, ko janareton da ka san man cikinsa zai kai. Idan wuta ta katse, aikin zai koma farko.

Idan sabuwar Windows ka zaɓa, ka shirya filas ɗin tun tsohuwar ma'adana tana ciki. Ka sauke Media Creation Tool daga shafin Microsoft kansa, ko ka sauke fayil ɗin Windows ka rubuta shi a filas da manhajar Rufus. Ka tanadi datar da ta haura gigabait 6, kuma ka sani filas ɗin zai goge. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka idan kwamfutarka ta cika sharuɗɗan Windows 11, wato tana da TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro na cikin kwamfuta, da injin Intel na zubi na 8 zuwa sama ko makamancinsa na AMD, ita za ka ɗora. Ka kuma sauke direban Wi-Fi na samfurinka, wato ƙaramar manhajar da take sa Wi-Fi aiki, ka ajiye a filas, saboda wani lokacin sabuwar Windows takan tashi ba ta ga intanet ba.

6. Buɗe kwamfuta da sauya ma'adana

Ka riƙe Shift yayin da kake danna Shut down, don ta mutu murus ba rabin barci ba. Ka zare caja da duk wata waya. Idan batirin na waje ne ka cire shi, ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa goma sha biyar don ragowar wuta ta fita. Ka yi aikin a kan tebur mai tsabta da haske, ba a kan katifa ko darduma ba. A lokacin hunturu, sa'ad da iska take bushewa har mutum yakan ji tartsatsi idan ya taɓa ƙofar mota, wannan wutar ta jiki tana iya lalata kayan ciki. Ka taɓa ƙarfe, kamar ƙarfen taga, kafin ka sa hannu, kuma ka riƙe SSD ta gefenta, ban da haƙoran zinaren bakinta.

Ka kifa kwamfutar, ka ɗauki hotonta da waya kafin ka kwance komai, ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Notocin ba tsawonsu ɗaya ba, saboda haka ka zana siffar ƙasan kwamfutar a takarda, ka ɗora kowane noti a inda ya fito. Dogon noti a ramin gajere yana iya huda allon ciki. Wasu notocin suna ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa. Idan murfi ya ƙi ɗagowa, to akwai notin da ka bari, kada ka yi masa ƙarfi. Ka bi gefen da tsohon katin roba, ba da wuƙa ba, za ka ji maƙalan suna saki ɗaya bayan ɗaya. Da zarar murfin ya tashi, idan batirin na ciki ne, ka fara zare mahaɗinsa, ka riƙe kan mahaɗin ka ja a miƙe, kada ka ja wayoyin.

Ma'adanar SATA takan zauna cikin wani ƙaramin firam na ƙarfe ko roba. Ka kwance shi, ka zame ma'adanar daga mahaɗinta, ka mayar da firam ɗin jikin SSD ta fuskar da yake a da. A wasu kwamfutocin mahaɗin yana rataye da wata siririyar waya mai kama da kirtanin leda, ka yi mata a hankali ƙwarai, domin idan ta yage samun irinta yakan fi sayen SSD wahala.

Ta M.2 kuwa noti ɗaya ne yake riƙe ta. Ka daidaita tsagar bakinta da ta gurbin, ka tura ta a karkace, kamar kusurwar digiri 30, har haƙoran su shige. Za ka ga wutsiyarta a ɗage, sai ka danna ta a hankali ta kwanta, ka ɗaure notin ba tare da matsewa sosai ba. Idan ba ta shiga ba, ba irinta ba ce, kada ka tilasta.

A kwamfutar tebur waya biyu ce: siririya ta bayanai da take zuwa babban allo, da mai faɗi ta wuta. Ka zare su daga tsohuwa ka sa wa sabuwa, bakinsu yana da lanƙwasa da ba ta barin a sa su a juye.

Ka mayar da mahaɗin batir, ka rufe murfin, amma ka bar notocin sai ka ga ta tashi. Tsohuwar ma'adanar ka rubuta mata kwanan wata, ka ajiye ta a aljihun tebur. Idan mai gyara ne yake aikin, ka tsaya a kansa, ka ce masa: “Malam, tsohuwar a hannuna za ka ba ni, kada a yi mata fomat.”

7. Kunnawar farko

Ka kunna da SSD kaɗai a ciki. Idan kulonin ka yi, ya kamata Windows ta tashi kamar kullum. Idan ta ce ba ta ga abin tashi ba, ka shiga BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake buɗewa da maɓalli tun tana fara kunnawa, a HP da F10, a Dell da F2, a Lenovo da F1 ko F2, ka duba ko ta ga SSD ɗin, ka sa ta a farkon jerin tashi. Idan BIOS ma ba ta gan ta ba, ka kashe, ka sake zaunar da ita da kyau.

Idan sabuwar Windows ce, ka sa filas, ka buɗe jerin zaɓin tashi, F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓi filas ɗin. A wurin tambayar inda za a ɗora, ka zaɓi filin da aka rubuta Unallocated. Idan jerin ya fito fayau alhali BIOS tana ganin NVMe ɗin, wanda yakan faru a injinan Intel na zubi na 11 zuwa sama, direban Intel RST ne ya rage, ka sauke shi daga shafin kamfanin kwamfutar ka ɗora ta Load driver. Lasisin Windows na asali yana ɗaure da babban allo ne, ba ma'adana ba, don haka idan ka ɗora nau'in da yake kai a da, Home ko Pro, zai kunna kansa da ta hau intanet.

Bayan ta tashi, ka buɗe Disk Management ka duba ko akwai baƙin fili da ba a yi amfani da shi ba, wanda yakan faru idan SSD ta fi tsohuwar girma. Ka faɗaɗa C da Extend Volume, idan kuma ya ƙi dannuwa saboda wani ƙaramin ɓangare ya shiga tsakani, ka mayar da filin sabon ɓangare mai harafinsa. Ka bar Optimize Drives na Windows a kunne, ya san yadda ake kula da SSD, amma kada ka sa mata tsofaffin manhajojin jera faifai na waje. Sannan ka dawo da fayilolinka daga kwafin, ka sake ƙirga su.

8. Tsohuwar ma'adana da ajiya ta dindindin

Ka bar tsohuwar yadda take na tsawon wata guda. A cikin wannan watan ne za ka tuna da wata folda da ka ajiye a wani lungu, sai ka sa ta a gidan USB ka ɗauko. Bayan wata, idan lafiyarta Good ce, ka yi mata fomat ta zama ma'adanar ajiyarka. Idan Caution ce, kada ka ɗora mata amanar komai. Idan kuma za ka sayar ko ka bayar, ka cire alamar Quick Format ka yi cikakken fomat, domin mai saurin ba ya share ainihin bayanan, mai manhajar tono zai iya fito da hotunan iyalinka.

Sauya zuwa SSD ba ya rage buƙatar ajiya, ƙara ta yake yi. HDD takan yi ƙara ko jinkiri kafin ta mutu, SSD kuwa tana iya tafiya dare ɗaya, kuma abin da aka goge a kanta da wuya a dawo da shi. Ƙa'idar da aka sani ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya a wajen gida, ko a intanet ko a gidan wani amintacce, saboda gobara da ɓarawo ba sa bambance kwamfuta da abin da yake jakarta. A Control Panel akwai File History, ka nuna masa ma'adanar waje, zai riƙa adana sauye-sauyen foldodinka duk lokacin da take haɗe. Ka lura cewa foldar da take daidaita kanta da Google Drive ko OneDrive madubi ce: abin da ka goge a nan zai goge a can, kwandon shararsu kuma kwana 30 yake riƙewa.

Ka tsayar da rana ɗaya a mako, misali Juma'a da yamma, ka haɗa ma'adanar waje, ka bar ta ta gama, ka yi Eject, ka zare ta ka mayar da ita wuri mai sanyi nesa da rana da danshi. Kada ka bar ta a jikin kwamfuta kullum, domin ƙwayar cutar da take kulle fayiloli don neman kuɗin fansa da kuma wutar da take dawowa da ƙarfi duk suna bin waya su same ta. Duk bayan wata uku ka buɗe fayiloli kaɗan daga cikinta, ka kuma duba lafiyarta da CrystalDiskInfo.